An ce ɗana shekara ɗaya kawai zai yi a jami'a ya wuce NBA

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce a Zariya, mahaifin yarana ya rasu. Ɗana na biyu yana da shekara 17, Allah ya yi masa tsawo, ƙafa 6 da inci 10. Shekara biyu da suka wuce wani bawan Allah ya gan shi a wurin horon ƙwallon kwando, ya samo masa gurbi a wata sakandare a Amurka, kuma shi ke riƙonsa a can. Yanzu jami'o'i suna ta zawarcinsa. Wata babba mai suna ta ce ya zo ya yi shekara ɗaya ya wuce NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Wata da ba ta kai ta suna ba ta ce zai riƙa buga wasa tun daga farko, amma ya shirya zaman shekara biyu ko uku. Mai riƙon nasa ya kafe sai babbar, har ya turo mini takarda ta WhatsApp in sa hannu cewa shi ne wakilin yaron, yana da kaso a duk abin da zai samu nan gaba. Baffan yaron ya ce in sa hannu kada arziki ya wuce mu. Shi kuwa marigayi, burinsa yaron ya yi digiri. Da na tambayi yaron sai ya ce, "Umma, duk abin da kika ce." Barci ya ƙaurace mini. Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya albarkaci abin da ya bari.

Abu ɗaya ne a wasiƙarki ba ya jira, don haka da shi zan fara: kada ki sa hannu a takardar nan. Ki ce wa mutumin kin gani, za ki nuna wa lauya. Zan dawo kanta nan gaba. Sauran maganar kuwa sai kin fahimci inda wannan "shekara ɗaya" ta samo asali, domin an kawo miki ita kamar wata alfarma ce jami'ar za ta yi wa ɗanki, alhali ba haka abin yake ba.

A da, yaro yana gama sakandare a Amurka yana iya shiga NBA kai tsaye, kamar yadda Kobe Bryant ya yi a 1996, LeBron James kuma a 2003. A 2005 hukumar NBA da ƙungiyar 'yan wasanta suka ƙulla yarjejeniya cewa daga 2006 ba a ɗaukar yaro a zaɓen sabbin 'yan wasa da ake yi duk shekara sai zai cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen, kuma sai ajinsa ya yi shekara guda da gama sakandare. To yaran da suka yi zarra, ina za su zauna a wannan shekarar? Sai jami'o'i suka ce su zo. A kan haka koci John Calipari ya yi suna a jami'ar Kentucky tun daga 2009. A zaɓen 2010 an ɗauki 'yan wasansa biyar a zagayen farko, huɗu daga cikinsu shekara ɗaya kacal suka yi. Jami'ar Duke ta bi sahu, ta ci kofi a 2015 da irin waɗannan yara. Ke nan shekarar jira ce da doka ta tilasta, jami'a ta riƙe yaro ta ci moriyarsa, shi ma ya nuna kansa. Babu laifi a cikin wannan, amma kasuwanci ne, kuma kowane ɓangare ya san abin da yake nema.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, kocin da ya ce "shekara ɗaya sai NBA" ba shi ke zaɓe ba. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA. Kowace shekara a watan Yuni suna zaɓen sabbin 'yan wasa, zagaye biyu, gurbi 60, wani lokaci ma a rage ɗaya ko biyu. Kuma ba daga jami'o'in Amurka kaɗai ake ɗibar su ba: a 2023 Bafaranshe ne na ɗaya, a 2024 na ɗaya da na biyu duk Faransawa ne. Jami'o'in da ke rukunin farko na gasar jami'o'in Amurka sun haura 360, 'yan wasansu sun haura 5,000. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, da kanta ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya ne cikin ɗari na 'yan wasanta maza ake zaɓa. A cikin su 60 ɗin ma ba ɗaya suke ba. Talatin na farko an lamunce musu albashin shekara biyu, na ƙarshensu ma yana karɓar sama da dala miliyan 2 a shekara. 'Yan zagaye na biyu babu wannan lamuni: wasu su dace da kwantiragi mai kyau, da yawa a ba su na rabi-da-rabi tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramarta, wanda ana iya soke shi kowane lokaci. Wanda ba a zaɓa ba ya faɗa ƙaramar gasar G League, albashin da aka saba biya a can bai kai dala dubu 50 a kaka ba. Duk wanda yake lissafa miki kuɗin NBA tun yaro bai gama sakandare ba, cinikin biri a sama yake so ki yi.

Ban ce ba a dacewa ba. Joel Embiid ya taso a Yawunde, ya yi shekara ɗaya a jami'ar Kansas, aka zaɓe shi na uku a 2014, ga shi har ya zama gwarzon NBA a 2023. Khaman Maluach, ɗan Sudan ta Kudu da ya girma a Uganda, ya yi shekara ɗaya a Duke, aka zaɓe shi na goma a 2025. Na tabbata irin waɗannan sunaye mai riƙon yake ambata miki. Sai dai ki lura, kafin Maluach ya taka Duke ya riga ya buga wa ƙasarsa gasar Olamfik a 2024 yana ɗan shekara 17. Masu duba 'yan wasa na NBA sun daɗe da saninsa. Jami'ar ba ita ta mai da shi abin zaɓe ba, a haka ta same shi. Irin waɗannan yara 'yan ƙalilan ne a kowace shekara, kuma ba ɓoyayyu ba ne, sunayensu na nan a jerin da manyan kafofin wasanni irin su ESPN suke fitarwa. Ki sa wani mai jin Turanci da kika yarda da shi ya duba miki inda ɗanki yake a jerin 'yan ajinsa. Idan yana cikin goma ko sha biyar na farko, maganar shekara ɗaya tana da tushe. Idan yana can wajen na hamsin ko na tamanin, to yaro ne mai kyakkyawar makoma, amma an gaya masa abin da yake so ya ji ne don ya zo.

Ko zama a saman jerin ma ba lamuni ba ne, kuma labarin da ya fi kama da naku shi ne na Cheick Diallo, ɗan ƙasar Mali. Shi ma sakandare ta kai shi Amurka, shi ma yana da mai riƙo. A 2015 shi ne gwarzon wasan da ake haɗa fitattun 'yan sakandaren Amurka duka, kowa yana cewa zagayen farko zai tafi. Ya zaɓi Kansas. Sai NCAA ta tsaya binciken takardun karatunsa da alaƙarsa da mai riƙonsa, ba ta sake shi ba sai ƙarshen Nuwamba, kaka ta riga ta fara. Da ya shigo, koci yana da manyan 'yan wasa da suka san tsarinsa, sai Diallo ya zama ɗan benci, a ƙiyasi bai kai minti goma a kowane wasa ba. Duk da haka ya fita bayan shekara ɗaya, domin da wannan niyyar ya zo. Aka zaɓe shi na 33 a 2016, wato ya faɗo zagaye na biyu. Ya buga 'yan shekaru a NBA, Alhamdu lillahi, amma ba abin da aka zana masa ke nan ba. Shekara guda kafin shi, a wannan jami'ar dai, Cliff Alexander ya zo yana cikin biyar na farko a ajinsa, ya fita bayan shekara ɗaya, ba wanda ya zaɓe shi. Trevon Duval ya yi shekara ɗaya a Duke, shi ma a 2018 aka gama zaɓe ba a kira sunansa ba. Hotunan waɗannan ba a nuna wa iyaye su idan ana zawarci.

Akwai wani abu game da dogayen yara da suka fara wasan a makare, irin yawancin namu. Tsawo kyauta ce daga Allah, amma ƙarfin jiki, da iya taka ƙafa, da sanin inda za a tsaya idan ana tsaron gida, duk sai an buga wasa da yawa ake samunsu, ba a koyonsu daga benci. Pascal Siakam na Kamaru ya je New Mexico State, jami'ar da ba ta da wani suna a wannan fage. Shekarar farko ma bai buga ba, sannan ya buga kaka biyu cikakku. A 2016 ƙungiyar Toronto ta zaɓe shi na 27, a lokacin da Masai Ujiri, wanda ya taso a nan garinku Zariya, yake jagorantar ta. Bayan shekara uku suka ɗauki kofin NBA tare. Stephen Curry, tauraron NBA, a ƙaramar kwalejin Davidson ya yi shekara uku. Idan yaro ya iya, masu nema suna zuwa duk inda yake.

Ki kuma dubi abin ta ɓangaren kocin babbar jami'ar, domin zamani ya sauya masa shi ma. Tun 2021 aka sassauta dokar sauya makaranta, daga 2024 kuma ɗan wasa yana iya sauyawa fiye da sau ɗaya ba tare da ya zauna jiran shekara ba. Yanzu koci yana iya ɗauko ƙato ɗan shekara 22 da ya riga ya goge a wata jami'a. Kentucky da tarin taurarinta ta sha kashi a wasan farko na gasar ƙarshen kaka a hannun Saint Peter's a 2022, ta sake sha a hannun Oakland a 2024, duk ƙananan makarantu masu gogaggun 'yan wasa. Kociyoyi sun ga wannan. Wanda aikinsa ya rataya a kan cin wasa ba zai yi ta haƙuri da kurakuran ɗan shekara 18 ba alhali ga gogagge a zaune. Kuma kocin da ya yi alkawarin ma yana iya tashi. Calipari da kansa ya bar Kentucky a Afrilun 2024 bayan shekara 15, ya koma Arkansas, yaran da ya yi zawarci wasu suka kwashi kaya suka bi shi.

Ga ra'ayina, tunda shi kika nema. Ku zaɓi makarantar da idan shekara ɗaya ta zama uku ba za ku yi da-na-sani ba. A yadda kika kwatanta su, hankalina ya fi kwanciya da ta biyun, kuma dalilina shi ne ba ta rufe masa hanyar ta farkon. Idan ya je can ya haskaka tun shekarar farko, babu dokar da ta hana shi fita. Akwai ma hanyar gwaji: ɗalibi yana iya shelanta shiga zaɓen NBA, ya nemi kwamitin da aka kafa don haka ya gaya masa inda ake hasashen za a ɗauke shi, ya je gwajin da ake yi a watan Mayu idan an gayyace shi, in ya ga abin bai nuna ba ya janye sunansa kafin wa'adi ya koma makaranta. Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya, ya fara a Washington State, ya koma Florida, suka ci kofin jami'o'i a 2025, ya gwada zaɓen, ya janye ya koma karatunsa da wasansa. Idan kuma ɗanki ya fi ƙarfin ƙaramar, manyan za su sake nemansa, a lokacin yana da abin nunawa. Amma wanda ya tafi babbar ya yi shekara a benci, darajarsa ta faɗi, ya rasa na yi: ya fita ba a shirye ba, ko ya zauna koci ya kawo wani sabon tauraro a gurbinsa.

Wannan ra'ayi yana iya sauyawa da amsar tambayoyi kaɗan, kuma ke kina da ikon yin su. Jami'o'in nan sukan gayyaci yaro ziyara su biya kuɗin tafiyarsa har da na iyaye. Idan biza ta yi wuya, ki ce a haɗa ki da kocin ta bidiyo, da tafinta naki, ba mai riƙon ba. Ki tambayi na babbar, dogaye nawa yake da su a gurbin ɗanki, nawa ne za su dawo baɗi, kuma zai ɗauko wani daga wata jami'a? Ki ce ya faɗi sunayen yaran da ya yi wa irin wannan alkawari a shekara biyar da suka wuce, duka ba waɗanda suka dace kaɗai ba, da inda kowannensu yake yau. Kocin kirki zai amsa ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ya fara kwana-kwana, kin ji amsarki. Na ƙaramar ma kada ki ƙyale shi: "zai buga tun daga farko" shi ma alkawarin baki ne, sai ki tambayi wane dogon yaro ya taɓa rainowa har ya kai wani matsayi. Kuma ki sani, cewar yaro "na amince zan zo" da baki ba ta ɗaure kowa, ba shi ba, ba jami'ar ba. Abin da ke ɗaurewa shi ne takardar tallafin karatu da aka sa wa hannu.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ke tsorata baffa. A gaya masa arzikin ba ya wucewa don an ƙara shekara. Tun 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗi a kan sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL. A Yunin 2025 kuma kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20 da rabi ga kowace jami'a a shekarar farko, a raba tsakanin wasanni duka. Shi ya sa masu gaggawar fita suka ragu ƙwarai: a 2021 sama da 350 ne suka shelanta shiga zaɓe kafin lokacinsu, a 2025 ba su fi 106 ba. Yara sun gane cewa zama a jami'a ya fi faɗawa zagaye na biyu.

Sai dai ga inda ku baƙi kuke da tarko. Ɗanki da bizar ɗalibi yake zaune, kuma bizar ɗalibi ba ta yarda da yin aikin kuɗi yadda aka ga dama a cikin Amurka ba. Oscar Tshiebwe na Kwango, wanda ya zama gwarzon jami'o'i a 2022, sai da ƙungiyarsa ta je tsibiran Bahamas sannan ya samu damar yin tallace-tallacensa, saboda can ba ƙasar Amurka ba ce. Don haka duk jami'ar da ta ambaci adadin kuɗi, a tambaye ta: ta wace hanya za a biya ɗalibi baƙo, kuma wane lauyan shige da fice ne ya duba? A rubuce. Kuɗin da zai jawo a soke biza ba riba ba ne.

Burin marigayi kuwa, kada ki ɗauka lallai sai an zaɓi ɗaya tsakanin ƙwallo da digiri. Curry ya koma ya kammala nasa a 2022. Greg Oden, wanda aka zaɓa na ɗaya a 2007 bayan shekara ɗaya a Ohio State, ciwon gwiwa ya cinye wasansa, wasa 105 kacal ya buga a NBA, ya koma jami'arsa ya karɓi digiri a 2019. Amma komawa tana da sauƙi ne ga wanda ya yi nisa kafin ya fita. Dokar da NCAA ta fara aiki da ita a 2019, wadda ta wajabta wa jami'o'i biya wa tsohon ɗan ƙwallon kwando kuɗin karatu idan ya dawo cikin shekara goma, ta sa sharaɗin ya yi aƙalla shekara biyu kafin ya tafi. Dokokin nan suna yawan sauyawa, saboda haka kada ki dogara da su. Ki nemi jami'ar ta rubuta cewa tallafin karatunsa na shekara huɗu ne, ba za a janye shi don rauni ko don wasansa ya ja baya ba, kuma in ya fita ya dawo za ta biya. A tambayi inshorar rauni ma, wa zai biya ta, me ta ƙunsa. Embiid ɗin da ake misali da shi, kaka biyu cur ya yi bai buga ba saboda karayar ƙafa. Shi ya dace, an zaɓe shi duk da raunin. Wanda rauni ya hana a zaɓe shi, karatun nan ne kaɗai abin da zai riƙe.

Yanzu mu koma kan takardar. Ba zan ce mutumin nan mugu ba ne. Ya ga yaro, ya yi masa hanya, ya ciyar da shi shekara biyu, kuma alheri ba a mance shi. Amma godiya daban, miƙa masa ragamar rayuwar yaro daban. Wakilin da zai ƙulla wa ɗan wasa kwantiragi a NBA sai ƙungiyar 'yan wasa ta tantance shi, kuma ba a yarda ya karɓi fiye da kashi 4 cikin ɗari na albashin ba. Ki duba kason da aka rubuta a takardarki, ki kwatanta. Ki duba ko tana da ranar ƙarewa. Sannan takardar da ta naɗa wa ɗan sakandare wakilin neman kwantiragin ƙwararru tana iya sa NCAA ta dakatar da shi tun bai fara ba, kuma idan abu ya ɓaci yaro ne ke biya. A binciken cin hanci a ƙwallon kwandon jami'o'i da FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta fallasa a Satumbar 2017 an kama mutum goma, har da mataimakan koci huɗu. Brian Bowen, wanda aka yi wa mahaifinsa alkawarin dala dubu 100 don ya je jami'ar Louisville, bai taɓa buga wasan jami'a ko ɗaya ba. Silvio De Sousa na Angola ya rasa kaka guda a Kansas saboda kuɗin da aka ce mai riƙonsa ya karɓa. Shi ya sa kafewar mutumin nan a kan jami'a ɗaya ta sa nake so ki tambaye shi kai tsaye, cikin mutunci: akwai abin da aka yi masa alkawari idan yaron ya je can? Ki nemi lauya a Amurka wanda ya san harkar wasanni, wanda ba shi ya kawo shi ba, ba kuma jami'ar ba. Ta hannun 'yan uwanmu mazauna can ko masallacin garin da yaron yake za a iya samu. Idan kuna so ku saka masa, sai a lissafa abin da ya kashe, a amince da adadi sananne mai iyaka, a rubuta.

Baffa kuma ki bi shi da girmamawa, ƙanin uba uba ne, kuma tsoron talauci ne ke magana a bakinsa ba mugunta ba. Kada ki yi jayayya da shi ke kaɗai. Ki samu wani babba da yake jin nauyinsa, a zauna a karanta masa alƙaluman nan. Abin da zan roƙe ku duka shi ne a daina kiran yaron ana lissafa masa buƙatun gida. Yaron da ya san kuɗin makarantar ƙannensa da rufin ɗaki suna jiransa zai fita a shekarar farko ko da kowa ya gaya masa bai shirya ba, kuma zai ɓoye ciwo ya buga wasa a kansa.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai a wasiƙarki ita ce tasa: "Umma, duk abin da kika ce." Tarbiyya ce, Allah ya yi masa albarka. Amma yaron da aka sa a tsakiya, mai riƙo yana ja, baffa yana ja, ga wasiyyar uba, sau da yawa wannan amsar mafaka ce. Shi ne ya ga kociyoyin nan ido da ido, shi ya san wanda yake kiransa ya tambayi karatunsa da wanda sai maganar NBA. Ki kira shi lokacin da yake shi kaɗai. Kada ki ce masa wacce kake so, zai sake mayar miki da tambayar. Ki ce ya ba ki labarin kowanne, ki yi shiru ki saurara. Ki tambaye shi me yake so ya karanta, domin yaran da aka shirya wa shekara ɗaya akan cusa su a darussan da ba sa kai mutum ko'ina, don dai su cika sharaɗin buga wasa. Ki gaya masa da bakinki cewa ko bai taɓa shiga NBA ba, bai ci amanar kowa ba. Yana buƙatar ya ji wannan daga gare ki.

Ki kuma tambayi yadda addininsa zai kasance a kowace makaranta: masallaci, abincin halal, da yadda kocin yake ɗaukar azumi, tunda a 'yan shekarun nan Ramadan yana faɗowa a cikin kakar wasa. Adama Sanogo na Mali yana azumi ya jagoranci jami'ar Connecticut ta ci kofi a 2023, aka kuma ba shi gwarzon wasannin ƙarshe. Abu ne mai yiwuwa idan an samu wurin da ake mutunta shi. Ku yi istihara, ke da shi.

Kafin duk wannan, a kiran da za ki yi masa yau, ki tambaye shi fasfonsa da takardar da makaranta ta ba shi ta neman biza a hannun wa suke. Idan suna wurin mai riƙon, a karɓo su cikin lalama su dawo hannun yaron, ya ɗauki hotonsu ya turo miki. Ki kuma karɓi lambar shugaban makarantarsa ko mai ba ɗalibai shawara, ki gabatar da kanki a matsayin uwa, ki ce duk wata takarda da ta shafi ɗanki a turo miki kai tsaye. Allah ya zaɓa masa mafi alheri.